Takalmin Magani: Sana'ar Da Ke Tsakanin Baduku Da Likita



Muna godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba mu damar tsayawa a gabanku yau. Abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa abu ne wanda kowannenmu ya tako da shi zuwa wurin nan, watau takalmi. Watakila wani zai ce mene ne haɗin ɗalibin jami'a da zancen takalmi, alhali ga manyan matsaloli sun dabaibaye ƙasa. To, amsarmu ita ce, a garuruwanmu, tun daga Kausani har zuwa Indabo da Lajawa da Utai, akwai ƙafafun da ake yankewa a asibiti waɗanda da an sami takalmin da ya dace da su tun da wuri, da har yanzu masu su na noma da su. Akwai kuwa wata sana'a ta musamman wadda aikinta ke nan, watau auna ƙafar majinyaci da haɗa mata takalmi, ko shimfiɗar cikin takalmi, ko ƙarafan da za su tallafe ta. Sana'ar ba ta da tsayayyen suna a Hausa tukuna, saboda haka a cikin wannan jawabi za mu riƙa kiran mai yin ta badukun asibiti.

Bari mu fara da ita ƙafar. A kowace ƙafa ɗaya akwai ƙasusuwa 26, kuma duk nauyin mutum a kan wannan ɗan fili yake sauka, sau dubbai a kowace rana. Abin da ke tsare ƙafa daga lalacewa shi ne jin zafi. Manomi ya taka ƙaya ko kututturen dawa a gona, nan take zai ɗaga ƙafa, ya zauna ya cire. Takalmi ya matse shi, zai tuɓe. Ya yi doguwar tafiya wani gefe na tafin ƙafa ya gaji, zai karkata nauyinsa zuwa ɗaya gefen ba tare da ya ma sani ba. Ashe zafi mai gadi ne da Allah ya ajiye mana a jiki. To, yaya ke nan idan mai gadin ya mutu?

Cutar da ta fara koya wa likitoci amsar wannan tambaya ita ce kuturta. Tun a 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar da ke haddasa ta. Amma duk da haka mutane, har da likitoci, suka ci gaba da zaton cutar ce da kanta take cinye yatsu, tana ruɓar da nama. Sai da wani likitan fiɗa Bature mai suna Paul Brand, wanda ya fara aiki a Belor ta ƙasar Indiya a 1946, ya zauna ya lura da majinyatansa sosai, sa'an nan ya gane cewa ƙwayar jijiyoyin ji take kashewa. Sauran ɓarnar kuwa duk daga rauni take zuwa, raunin da mai shi bai ji ba. Mutum zai wuni yana tafiya da ƙusa a cikin takalmi, ko ya taka garwashi, ko ya yi ta dukan wuri ɗaya na tafin ƙafa da ƙasa har naman da ke ciki ya dame. Miki ya fito, bai ji ba, ya ci gaba da taka shi. Miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, ƙashi ya riƙa gutsurewa. Da Brand da abokan aikinsa suka gane haka, sai suka koma kan takalmi. A asibitin Karigiri, kusa da Belor, suka shiga yin takalma da wata irin roba mai laushi, mai ƙananan ramukan iska a cikinta, wadda ke rarraba nauyin jiki a duk tafin ƙafa. A 1966 Brand ya koma asibitin Kabil a ƙasar Amurka, inda aka ga cewa abin da ya koya a kan kuturta ya dace daidai da ƙafar mai ciwon sukari.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. A shekarun 1930 aka kafa manyan sansanonin jinyar kuturta a Arewa, da haɗin gwiwar En'e da 'yan mishan: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku wuri ɗaya, waɗanda ke kashe ƙwayar cikin wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da aka ce kuturta ta daina zama babbar barazana ga lafiyar jama'a, ko da yake a 2023 ma an sami sababbin masu cutar fiye da 2,000 a ƙasar. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, magani na kashe ƙwaya, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa. Dattijon da ya warke shekara 30 da suka wuce, har gobe ƙafarsa ba ta ji, kuma har ƙarshen ransa yana bukatar takalmin da zai yi masa gadi.

Sa'ad da kuturta ke ja da baya, sai ga ciwon sukari ya danno kai, a birni da ƙauye. Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan kashe jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, yakan kuma ƙuntata hanyoyin jini, har rauni ya ƙi warkewa. Fata ta bushe, diddige ya yi faso, kanta ta taru a ƙarƙashin babban yatsa, miki ya ɓuya a ƙarƙashin kantar. Masana sun ƙiyasta cewa daga cikin ƙafafun masu ciwon sukari da ake yankewa, wajen kashi 85 cikin 100 da irin wannan ƙaramin miki suka fara. Bugu da ƙari, ko an yi jinya mikin ya warke, kusan mutum 40 cikin 100 yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo. Dalili kuwa a fili yake. An sallami mutum daga asibiti ya koma cikin takalmin da ya ji masa ciwo tun farko, ko ya koma yawo da silifa a cikin ƙarangiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma yara. A watan Yuli na 2014, a Sumaila nan kusa da mu, aka ga yaro na ƙarshe a Jihar Kano da ƙwayar shan inna ta asali ta kama, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwaya. Alhamdu lillahi. Amma waɗanda ta shanye wa ƙafafu kafin wannan lokaci suna nan tare da mu, wasunsu tsararrakinmu ne, da yawansu kuwa da za su sami ƙarafan ƙafa da takalmin da aka ƙara wa tudu, da sun miƙe tsaye maimakon rarrafe. Har ila yau, kimanin jariri ɗaya cikin 1,000 akan haife shi da ƙafa a murɗe, tafin yana duban ciki. Tun shekarun 1950 wani likita mai suna Ignacio Ponseti, a Jami'ar Ayowa ta Amurka, ya fito da hanyar gyara ta ba tare da babbar fiɗa ba. Akan miƙar da ƙafar kaɗan-kaɗan, a ɗaure ta da farin simintin asibiti, a sake kowane mako, kamar sau 5 ko 6. Daga nan sai a sa wa jaririn wasu takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, ya zauna da su kusan dare da rana har wata 3, sa'an nan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Idan aka bar takalman nan, ƙafar takan sake murɗewa, wahalar likita da ta uwa duk ta tashi a banza. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ƙasar Yuganda an ƙera irin wannan takalmi da kayan gida, da fata da ƙarfen kasuwa, ya kuma yi aiki a kan kuɗi kaɗan.

Yanzu sai mu duba yadda badukun asibiti ke aikinsa, domin mu ga bambancinsa da na mai sayar da takalmi a kasuwa. Da farko yakan karɓi bayanin likita, ya duba ƙafar ciki da waje: launin fata, wurin da ya fi ɗumi, kanta, karkacewar yatsu. Sa'an nan ya gwada ji da wani siririn zaren roba wanda ke lanƙwashewa idan nauyin da aka danna shi da shi ya kai giram 10. Majinyaci ya rufe ido, a taɓa masa wurare dabam-dabam a tafin ƙafa, duk inda bai ji ba an san mai gadi ya mutu a nan. Bayan haka sai a ɗauki sawun ƙafar a kan takarda da tawada, inda tawadar ta fi baƙi nan ne nauyi ya taru. A tsaye ake awo, domin ƙafa takan baje idan ta ɗauki nauyi, an kuma fi son a yi shi da yamma, sa'ad da ta ɗan kumbura. Idan ƙafar ta canza siffa ƙwarai, sai a ɗauki zubinta da farin siminti, a gina takalmin a kan wannan zubi.

Shi kansa takalmin yana da ƙa'idodi. Ciki ya zama mai laushi, a rarake shimfiɗar a daidai wurin da nauyi ya taru domin maƙwabtan wurin su ɗauke masa kaya. Ƙasa ya zama mai tauri yadda ƙaya ba za ta huda ba, tayar mota ma takan yi. A bar sararin kimanin santimita ɗaya a gaban yatsan da ya fi tsawo. A sa maɗauri a bayan diddige, gama mai ƙafar da ba ta ji takalmi yakan zame masa bai sani ba. Ba a buga ƙusa ko ɗaya, sai ɗinki da gam, ɗinkin ma kada ya yi tudu daga ciki. Wani lokaci akan gantsare ƙasan takalmin kamar gindin kwalekwale, yadda mutum zai mirgina a kansa ba tare da ya lanƙwasa yatsu ba. In an gama, ba a cewa majinyaci je ka sai wata rana. Zai sa na awa ɗaya ko biyu, a tuɓe a duba ko wani wuri ya yi ja, a gyara. Bayan 'yan watanni ya dawo, domin roba takan mutu, ƙafa takan canza, yaro kuma yakan girma. Wannan komawa a kai a kai ita ce ran aikin, ita ce kuma dalilin da ya sa ba ya yiwuwa daga nesa.

Akwai wani darasi da ma'aikatan kuturta suka koya da wahala. A wurare da yawa an raba wa majinyata takalma masu inganci, suka kai gida suka ɓoye, domin siffar takalmin kaɗai ta isa ta sanar da duk kasuwa cutar da ke jikinsu. Takalmin da ke ƙarƙashin gado kuwa ba ya tsare ƙafar kowa. Saboda haka dole ne mai wannan sana'a ya san mutanensa: irin takalmin da magidanci zai yarda ya shiga ɗaurin aure da shi, wanda uwargida za ta sa ta je unguwa ba a nuna ta ba, wanda za a iya tuɓewa da sauƙi a ƙofar masallaci sau biyar a rana. Dole ne ya tuna cewa ranar Juma'a da bazara sahu yakan kai har kan titi, kuma ƙasa mai zafi takan ƙone ƙafar da ba ta ji kafin a sallame. Irin wannan sani sai ɗan gari.

A nan ne muke ganin abin takaici da abin fata a haɗe. Ƙasar Kano ƙasar fata ce. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin manyan kayan da birnin ke yi yana aikawa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyarmu kuwa ta daɗe tana ƙetara Sahara, Turawa na saye suna kiranta fatar Maroko. Har yau majema na jima, dukawa na ɗinki, wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai zai ga ƙwarewar hannu da idonsa. A Wudil ma, kowace Juma'a kara takan cika da shanu, ga mahauta, ga fatu. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar tarayya ta binciken fata da koyar da aikinta. Ke nan muna da fata, muna da hannu. A ɗaya gefen kuma muna da ilmin asibiti. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1979, yana da sashen da ke ƙera ƙafar roba da ƙarafan ƙafa da takalman magani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai tsaya a tsakani, ya san jijiya da ƙashi kamar ma'aikacin asibiti, ya san fata da basilla kamar baduku, ya kuma zauna kusa da masu bukata.

Mu yi lissafi kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin 200 yana bukatar irin waɗannan kayan tallafin gaɓoɓi, kuma mutum ɗaya ne kawai cikin 10 na masu bukatar ke samu. Bisa wannan ƙiyasi, a duk inda mutum 10,000 ke zaune, akwai wajen 50 da ke jiran wannan aiki. Daga Wudil zuwa birnin Kano kimanin kilomita 40 ne. Ga mai lafiya tafiyar hantsi ce. Amma mu ɗauki manomi a Kausani mai gyambo a ƙafa, cikin damina, ga noman farko ya zo. Zai biya kuɗin babur zuwa bakin titi, ya biya na mota har birni, ya biya na ɗan rakiya, ya bar gona, kuma ba sau ɗaya ba: ranar awo, ranar gwaji, ranar gyara. Mafi yawa za su ɗaure ƙafar da tsumma su koma gona. Ba za a gan su a asibiti ba sai ƙafar ta yi baƙi, lokacin da likita ba shi da abin yi sai yankewa. Ranar da aka yanke ƙafar magidanci kuwa, gida guda ne ya durƙusa, yaron da ke makaranta shi za a fara cirewa.

Wani zai ce, yanzu bayan duk wahalar karatu sai mutum ya ƙare a ɗinkin takalmi? Wannan tunani shi ne babban abin da ke tare mana hanya. Mun taso kowa na son a kira shi likita ko injiniya ko lauya, aikin hannu kuwa muna ganin na wanda ya gada ne. To, ku sani wannan fanni ne na ilmi mai zaman kansa, da darasin sassan jiki, da lissafin nauyi da motsi, da sanin halin roba da ƙarfe. Ana koyar da shi a Kwalejin Tarayya ta Fasahar Aikin Ƙashi da ke Igbobi a Legas, ana ba da digirinsa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri, akwai kuma tsohuwar makarantarsa a Moshi ta ƙasar Tanzaniya, wadda aka buɗe a 1981. Duk waɗannan wurare nesa suke da mu, kuma muddin 'ya'yanmu ba su je sun koyo ba, haka za mu zauna muna jira.

Saboda haka muna da roƙo guda huɗu.

Na farko gare mu ne, ɗalibai. Waɗanda ke karatun kimiyya, da ƙannenmu da ke shirin fita sakandare, su sa wannan fanni cikin abin da za su nema, musamman 'yan mata, gama akwai matan aure da yawa da ba za su miƙa wa namiji ƙafarsu ya duba ba.

Na biyu ga yayyenmu ma'aikata, waɗanda takardu ke bi ta hannunsu a ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi. Ku sa wannan fanni cikin jerin waɗanda ake ba tallafin karatu, ku kuma tanadi gurbin aiki dominsa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Ɗaki ɗaya, da benci, da keken ɗinkin fata, da injin goge roba, sun isa a fara. Kuɗinsu bai kama ƙafar abin da ake kashewa wajen fiɗa da kwanciyar asibiti da ƙafar roba ba.

Na uku ga jami'ar da ke garinmu, wadda aka buɗe a Wudil a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Jami'ar kimiyya da fasaha ce. Muna ganin ya dace ɗalibanta na injiniya su ɗauki wannan matsala cikin ayyukansu na ƙarshen karatu: wace roba ce a kasuwanninmu ta dace da shimfiɗar takalmi, wata nawa take yi kafin ta mutu a zafinmu, yaya za a rage tsadar ƙarafan ƙafa. A kuma jawo dukawan gari a ba su horo na 'yan makonni a ƙarƙashin ƙwararre, yadda shi zai yi awo da zubi, su kuwa su yi ɗinki da gyara.

Na huɗu kuwa ba ya bukatar ko kwabo. Kowannenmu yana da uba ko uwa ko kaka mai ciwon sukari, ko maƙwabcin da ya taɓa yin kuturta. In mun koma gida hutu, mu koya musu abu huɗu. Su duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, lokacin alwala ya isa, wanda idonsa ya yi rauni jika ya duba masa. Su zazzage takalmi, su shafa cikinsa da hannu kafin su sa. Kada su taka ƙasa ba takalmi, ko da a tsakar gida ne, kada kuma su kusanta ƙafa da wuta lokacin hunturu. Kada su yanke kanta da reza, kuma duk mikin da ya fito, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti tun ranar, a daina taka shi.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Iyayenmu da ƙafa suka yi noman da aka biya mana kuɗin makaranta da shi, kuma mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne mu koyo ilmin da zai bar musu ƙafafunsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a karatunmu, ya amfanar da jama'armu da shi.